Yadda Ake Bin Darasin Keke Na Manhaja Ba Tare Da Keken Kamfanin Ba

Bara, bayan sallar layya, na raka yayata likita a nan Maraɗi. Aka auna ta, aka ce hawan jini ya fara, suga ma yana bakin ƙofa. Aka rubuta mata magani, aka ce ta rage gishiri da dunƙule a miya, sannan ma'aikacin ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, sai fa kin riƙa motsa jiki." Muna cikin adaidaita a hanyar komawa unguwarmu ta Zariya ta juyo ta ce mini, "Ƙanena, ni ina zan motsa shi? In fita titi ina gudu da hijabi, surukaina suna kallo?"

Ban sami abin ce mata ba, don gaskiya ta faɗa. Namiji zai ɗaura takalmi da asuba ya nufi fili, babu mai ɗaga ido. Mace mai shekara hamsin, mai jikoki, ba ta da wannan damar a garinmu. Haka ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga hantsi har isha'i, da ma'aikacin da ke tashi daga kujera ya hau babur ya sauka a wata kujerar.

Ɗan yayata da ke karatu a Kanada ne ya turo mana bidiyon Peloton. Kamfani ne na Amurka da aka kafa a birnin New York a 2012. Yana sayar da keken da ba ya zuwa ko'ina, da allo a gabansa, malamin motsa jiki yana cikin allon yana faɗa maka lokacin da za ka ƙara sauri da lokacin da za ka ƙara nauyi. Kuɗin keken ya haura dala dubu, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuma ba a yi maganar dako da kwastan ba tukuna. Sai muka lura da abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani: keken ƙarfe ne kawai. Abin da ke sa mutum gumi shi ne malami da lambobi biyu da yake kira, kuma duka ana samun su a waya. In ka san yadda za ka mayar da lambobin nan kan keken da kake da shi, darasi ya zama naka.

Fara da manhaja, kafin ka sayi ko ƙusa

Mutane suna fara sayen keke sannan su nemi manhaja. Juya abin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Peloton tana da manhajar waya da ake biya wata-wata ba tare da an mallaki kekensu ba. Sai dai a ƙasashe kaɗan suke sayar da ita, irin su Amurka, Kanada, Ingila, Jamus da Ostareliya, kuma Nijar ba ta ciki. Wanda ya zauna can yana da rajista da katin banki na can zai ci gaba da abinsa. Kai da ke unguwar Ali Ɗan Sofo ko Sabon Gari da layin Airtel ko Moov ko Zamani, mai yiwuwa ka nema a Play Store ba ka gan ta ba. In wani yaro ya ce zai tura maka wadda aka fasa ta Xender, ka ce masa na gode. Wayar da kake karɓar kuɗi da ita ba wurin saka abin da ba ka san asalinsa ba ce. Wanda kuma yake da damar yin rajistar, ya karanta da kyau kafin ya biya: tun 2023 suka raba biyan mataki-mataki, ƙaramin matakin ya zo da darasin keke uku kacal a wata, sai babban ne ke buɗe su duka.

Mu abin da ya yi mana aiki biyu ne. Na farko Kinomap, manhajar wani kamfani na Faransa, tana magana da Faransanci, abin da ya sauƙaƙa wa duk wanda ya yi lakwal a nan. Bidiyon hanyoyi na gaske ne da mutane suka ɗauka, kana taka feda hanya tana tafiya. Ita ma ana biya, amma tana ba da 'yan kwanakin gwaji. Na biyu YouTube, inda tashar GCN Training ke da darussan keke kyauta, da lambar sauri da ta ƙoƙari a rubuce a jikin allo, ko ba ka jin Turanci ko kaɗan za ka bi.

Za ka ji ana yabon Zwift da MyWhoosh, waɗanda kake ganin kanka a matsayin ɗan tsere cikin duniyar zane. Suna da daɗi, amma suna son na'urar da ke auna ƙarfin ƙafa ko taƙamaiman irin matattarar keke, wato abin da ake ɗora keke a kai a taka shi a wuri ɗaya, da waya mai ƙarfi. Ban ba mai farawa shawarar su ba.

Duk wadda ka zaɓa, ka zauna a kujera ka kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Duba megan da ke layinka kafin ka fara, ka sake dubawa bayan ka gama. Wannan ne zai gaya maka ko forfe ɗinka zai ɗauki darasi uku a mako. Ka rage kyawun hoto zuwa 360 ko 480, lambobi suna fitowa sarai, mega kuma tana jimawa. Akwai kuma abin da ba kowa ke faɗa ba: darussan Turawa suna zuwa da kiɗa, shigar malaman kuma ba irin tamu ba ce. Yayata ta kalli minti ɗaya ta miƙo mini wayar. Ba ta rasa komai ba. Bidiyon hanya babu kowa a ciki sai kwalta da itatuwa, a darasi kuwa ana kashe murya a bi lambobin kawai.

Keken

Hanya uku ce. Ta farko keken motsa jiki mai ƙaton faifan ƙarfe a gaba, wanda ake samu cikin kayan gwanjo, ko a sa a kawo daga Yamai ko Kano ko Katsina. Shi ya fi kama da na kamfanin, shi muka saya. Kada ka saya daga hoto a WhatsApp. Je ka hau, ka taka minti biyar a gaban mai shi. Ka tashi tsaye a kan feda ka ji ko yana rangaji. Ka duba sirdi yana hawa da sauka, yana matsawa gaba da baya, kan keken ma yana ɗagawa. Ka murɗa maƙunnin nauyi daga sako-sako har ya ƙi juyawa, ka ji ko nauyin yana ƙaruwa a hankali ko tsalle yake yi. Ka danna maƙunnin ƙasa, a yawancinsu shi ne birki, faifan ya tsaya nan take. Ka leƙa ƙarƙashin inda gumi ke ɗiga, nan tsatsa ke fara ci. A jikin wasu akwai takardar da ta faɗi iyakar kilon da keken ke ɗauka, kada ka raina ta.

Irin wannan keke kashi biyu ne ta wajen nauyi. Akwai mai soso, wanda wani ɗan ƙyalle mai kauri ke danne faifan. Akwai mai maganaɗisu, wanda babu abin da ke taɓa faifan, irin na Peloton ke nan. Mai soso ya fi araha, amma yana ƙara, sosonsa yana cinyewa, kuma ƙurar hunturu tana shiga tsakaninsa da faifai ta riƙa ƙuga. In aljihu ya kai, mai maganaɗisu ya fi dacewa da garin rairayi irin namu. In bai kai ba, mai soso ma yana aiki, kulawa kawai yake so.

Hanya ta biyu keken hawa na yau da kullum, a ɗora tayarsa ta baya a kan matattara. Ana sayar da matattarar a shirye, tana da ɗan gargare da taya ke gogawa, shi ke ba da nauyi. Masu walda namu suna iya ƙera ƙafafun, amma ka gaya wa mai waldar abu guda: in ya ɗaga taya sama kawai tana juyi a iska, babu aikin da aka yi, ƙafa za ta yi ta wulwulawa ba gumi. Dole a sa gargaren da taya za ta danna, da noti mai matse shi. Keke mai giya ya fi, don giyar ce za ta zama maƙunninka. Taya mai ƙurji tana ƙara kamar injin niƙa, a sa mata mai sulɓi.

Ta uku, babu keke sam. Manhajojin nan suna da darussan miƙa jiki, tafiya a wuri ɗaya, da ƙarfafa jiki ba tare da wani ƙarfe ba, tabarma kawai. Nike Training Club kyauta ce, Decathlon Coach ma haka, kuma da Faransanci. Da babu gara ba daɗi, kuma wanda ya yi wata guda a tabarma ya san ko zai riƙe keke in ya saya.

Daidaita sirdi

Minti biyar ne, amma shi ke raba mai jin daɗi da mai ciwon gwiwa. Tsaya a gefen keke, ka ɗaga sirdi ya zo daidai ƙashin ƙugunka. Hau, ka ɗora diddige a feda, ka kai ta can ƙasa: ƙafa ta miƙe sosai. Yanzu mayar da tudun tafin ƙafa, wajen gindin yatsu, kan fedar, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Haka ake so. In ƙugu yana karkata dama da hagu kana takawa, sirdi ya yi sama. In gaban gwiwa yana ciwo, yawanci ya yi ƙasa. Kan keke ya zo daidai sirdi ko ya ɗan fi shi tsawo, musamman ga mai ciwon baya ko mai tumbi. In mutum biyu ne ke hawa, kowa ya yi wa sandar sirdi alama da fenti kalarsa.

Keken kamfanin yana zuwa da feda mai maƙale takalmi na musamman. Ba ka buƙatarsa. Feda mai ɗan keji da maɗauri ta isa, da takalmi mai tauri a ƙasa. Silifas ba na wannan aiki ba ne. In za ka canza feda da kanka, ka tuna ta hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ta inda ake ɗaure sauran notuna. Kowane mai gyaran keke a bakin kasuwa ya san wannan.

Lamba ta farko: juyi

Malamin zai ce wani abu kamar 80 zuwa 90. A allo za ka ga an rubuta cadence, kalmar ɗaya ce a Turanci da Faransanci, ko haruffan RPM. Ma'anarta sau nawa feda ke zagayawa cikin minti ɗaya.

Kana iya auna ta ba ka kashe ko tamma ba. Dubi agogo, ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ta taso cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. In ka ƙirga 15, kana kan 60. In 20, kana kan 80. In 25, kana kan 100. Yayata ta yi mako biyu jikarta tana tsaye a gefe da wayar tana ƙirga mata da ƙarfi, "sha takwas, sha tara, ishirin, Kaka kin kai!" Bayan nan ƙafarta ta haddace, ba ta ƙara neman mai ƙirga ba. A darasi mai kiɗa, sau da yawa bugun kiɗan an zaɓe shi ya yi daidai da juyin, ko kallon ƙafar malamin kana bin ta ya wadatar.

Mai son lambar ta fito a waya sai ya sayi 'yar na'urar auna juyi. Ba ta kai akwatin ashana ba. Wahoo, Garmin da Magene duk suna yin ta, ta Magene ta fi sauƙin kuɗi. Batir ɗin agogo mai faɗi take ci, mai lamba CR2032, kuma yana daɗewa. Ana ɗaure ta da roba a cikin sandar feda ta hagu, ta ɓangaren da ke fuskantar jikin keke, a juya a hankali a tabbata ba ta gogar komai. Wurin haɗa ta da waya ne mutane ke wahala, alhali abu huɗu ne. Kunna Bluetooth. Taka feda sau biyar ko shida don na'urar ta farka, in ba ta motsi barci take yi. Shiga cikin manhajar motsa jikin ka neme ta a can, ba a saitin Bluetooth na waya ba, in ka haɗa ta a saitin waya sau da yawa manhaja ba za ta gan ta ba. In wayar Android ce ta nemi izinin sanin wuri ko na na'urorin kusa, ka ba ta, in ba haka ba ba za ta lalubo komai ba. Ta Magene mai suna S3+ aiki biyu take yi, auna juyi ko auna gudu, ana sauya mata aiki ta cire batir a mayar, kalar fitilarta ta canza. Mun yi yamma guda muna fama kafin muka gane tana kan gudu ne.

In darasin YouTube kake bi, babu inda lambar za ta fito a cikinsa. Sai ka ɗauko tsohuwar waya, ka sa mata manhajar Wahoo ta kyauta, ka jingina ta kusa da ɗayar: ɗaya malami, ɗaya lamba. Na'urar auna gudu kuwa kada ka ɓata kuɗinka a kanta in keken mai faifai ne, kilomitan da za ta nuna ba su da ma'ana.

Lamba ta biyu: nauyi

Nan aikin yake, nan kuma nake so ka ba ni hankalinka. Keken Peloton yana nuna nauyi daga 0 zuwa 100. Malami zai ce 35 zuwa 45, mai keken kamfani ya murɗa har allo ya nuna. Naka maƙunnin ba shi da lamba, kuma ko yana da ita, 8 ɗinsa ko 16 ɗinsa ba su san da 100 ɗin wani ba. Za ka ga jadawalai a intanet masu cewa kaza daidai yake da kaza. Ban yarda da su ba, don kekuna biyu daga masana'anta ɗaya ma ba sa zama daidai, balle na gwanjo da soso ya ci rabi.

Ma'aunin da ba ya ƙarya numfashinka ne. Ga yadda za ka yi wa kekenka lamba da shi, rana ɗaya, cikin minti ashirin.

Ɗiga farin fenti ko manna 'yar takarda a gefe ɗaya na maƙunnin, don ka riƙa ganin zagayensa. Kwance shi gaba ɗaya. Fara takawa kana murɗawa kaɗan-kaɗan har ka ji feda ta fara riƙe ƙafarka, ɗuwawu ya daina tsalle a sirdi. Nan ne farkon hanya. Ƙara kaɗan har ka ji kamar kana tafiya a kwalta mai laushi ba iska: juyi 80 zuwa 90, kana iya hira da wanda ke gefenka jimla cikakkiya. Rubuta zagaye nawa ka yi daga farko. Wannan shi ne abin da malamai ke kira hanya shimfiɗaɗɗiya, wajen 25 zuwa 35 a keken kamfani.

Ƙara murɗawa har ka ji kamar kana fuskantar iskar gabas da kaya a bayan keke. Kana iya magana, amma guntu-guntu, kalma huɗu ko biyar sai ka ja numfashi. Rubuta. Wajen 35 zuwa 45 ke nan. Ƙara kuma, har juyi ya sauko da kansa zuwa 60 ko 70, cinya ta fara zafi, amsarka ta koma "i" da "a'a". Kamar ka shiga rairayin Gulbi da rani kana ƙoƙarin kada ka sauka. Wannan hawan tudu ne, 45 zuwa 60. Abin da ya wuce nan na 'yan daƙiƙu ne, mai farawa ba shi da hurumi a can.

Ka samu matakai uku ke nan. Rubuta su da manyan lambobi a kwali, ka manna a kan keke: zagaye kaza, zagaye kaza da rabi, zagaye kaza. In malami ya kira 40, ka je mataki na biyu. Darussan da ke kiran ƙoƙari daga 1 zuwa 10 sun fi ma sauƙi: mataki na farko 3 zuwa 4, na biyu 5 zuwa 6, na uku 7 zuwa 8. A keke mai soso za ka lura zagayen farko kusan ba sa yin komai, can gaba kuma rubu'in zagaye yana mayar da kwalta dutse, don haka a sama ka riƙa murɗawa kamar mai ƙara gishiri a miya. Duk wata ka sake wannan awo, saboda soso yana cinyewa, ƙafarka kuma tana ƙara ƙarfi. Ranar da ka ga mataki na biyu ya koma wurin hira, ka san aiki yana ci.

In lambobin biyu suka gagare ka a tare, riƙe juyi ka rage nauyi. Kada ka tashi tsaye a kan feda sai da nauyi sosai a ƙarƙashinka, in babu, feda za ta zame ta fizgi gwiwa. Kada kuma ka yi ta wulwula ƙafa sama da 110 ba nauyi don lamba ta yi kyau.

Abin da za ka rasa shi ne allon gasa, inda masu keken kamfani ke ganin wa ya fi wa ƙarfi. Ga mai hawan jini, ina ganin rashinsa alheri ne. Mutum ya ga sunan wani yaro ɗan shekara ishirin da biyar a samansa, zuciya ta ɗebe shi ya bi, ba don haka aka hau ba.

Ana kuma sayar da ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya, tana haɗuwa da manhaja kamar yadda ta juyi ke yi. Lissafin da aka saba shi ne a cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin ƙololuwar bugunka, mai shekara 50 ke nan 170. Ƙiyasi ne kawai, kuma wasu magungunan hawan jini suna rage bugun zuciya, sai lambar ta nuna kamar ba ka yin komai alhali kana haki. Mai shan magani ya bi numfashi.

Wuri da lokaci

A kan titi iska ce ke busar da gumi. A ɗaki babu ita, zafi yana taruwa a jiki. A Afrilu da Mayu, da Maraɗi ke wuce digiri 40, wannan ba wasa ba ne. Bayan sallar asuba shi ne lokaci, ko da dare bayan isha'i. Ajiye keken a baranda ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, fanka a gabanka tana bugun ƙirji. Fanka mai caji ta fi, don kuran yana iya tafiya kana tsakiyar tudu. Waya ma a cika ta tun dare, a cire mata riga don kada ta yi zafi ta dushe allo. In ƙasa rairayi ce, shimfiɗa katako mai faɗi. In siminti ne, tsohuwar darduma ko tabarmar roba tana hana zamewa, tana kuma tare gumi. Waya kan kan keke, robar tsohon tub ta riƙe ta da kyau, ko ka ɗora ta a tebur daidai ido. Gorar ruwa inda hannu zai kai, kurɓi-kurɓi tun kafin ƙishi.

Da azumi a bar hawa da rana. Awa ɗaya ko biyu bayan shan ruwa, ko bayan tarawihi, kuma a rage tsawo.

'Yan uwa mata, ku kula da wannan. Faifan keken nan yana ɗaure da feda, in kin daina takawa feda ba ta tsayawa, nauyin faifan yana ci gaba da juya ta. Bakin zane ko doguwar riga ko hijabi in ya shiga, zai naɗe. Wando a ƙarƙashi, riga iya gwiwa, ɗankwali a ɗaure tam. In za ki tsaya, danna birki, kada ki zare ƙafa.

Makonnin farko

Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, ko mai juna biyu, ya fara gaya wa likitansa abin da zai yi. Mai suga da ke allura ko shan ƙwaya ya ajiye dabino uku a kusa, kada ya hau da yunwa. Ciwon ƙirji, jiri, duhun ido, ko numfashin da ya ƙi dawowa, a sauka nan take, a tafi likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wannan wurin zuwa ne, ba wurin farawa ba. Makon farko kwana uku, minti goma-goma, duka a mataki na farko. Mako na biyu minti goma sha biyar, ka ɗan leƙa mataki na biyu na minti ɗaya ka dawo, sau uku. A na uku ka shiga darasin masu farawa na minti 20, in malami ya tashi tsaye kai ka zauna abinka. Daga nan kana ƙara minti biyar ko kwana ɗaya, ba duka biyun a mako guda ba. Kowane hawa ya fara da minti biyar na ɗumama jiki, ya ƙare da minti uku zuwa biyar a hankali, kada a diro daga tudu kai tsaye zuwa tabarma, nan jiri ke kama mutane.

Sirdi zai yi ciwo a kwanakin farko. Kowa haka ya fara, kuma yana wucewa cikin mako biyu ko makamancin haka. Rigar sirdi mai taushi tana taimako. Yayata a rana ta uku ta ce, "Ni dai wanga sirdi bai da tausayi." Muka naɗa masa tawul, muka rage masa tsawo da yatsa ɗaya. Yanzu minti talatin take yi, kwana huɗu a mako, kafin yara su tashi shirin lakwal, maganinta kuma tana sha yadda aka rubuta, awo duk wata.

Bayan kowane hawa a goge keke da tsumma, musamman ƙarƙashin kai da sandar sirdi, gishirin gumi yana cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Soso in ya fara ƙara, a goge bakin faifai, a ɗiga masa man silikon kaɗan, ban da baƙin man inji. Duk mako a bi notunan feda da na ƙafafu a matse. In an gama, a murɗe maƙunnin nauyi har faifai ya ƙi motsi, saboda yara suna son juya feda da hannu, yatsa kuwa yana shiga inda ba a zata ba. Sannan a lulluɓe keken da tsohon zane, har ƙasa in hunturu ne.